Take A Cikin Fim: Daga Sarewar Indiya Zuwa Fiyanon Kano

A wannan fitowa za mu taɓo wani ɓangare na tarihinmu wanda ba a cika rubuta shi ba saboda ana ɗaukarsa wasa, wato kiɗan da ake sa wa fim. Batun waƙa da rawa mun bar wa malamai da marubuta, sun daɗe suna kai-kawo a kansa. Abin da muke nufi shi ne lokacin nan da komai zai yi tsit a cikin fim, 'yan wasa su yi shiru, sai abin kiɗa ko na busa ƙwaya ɗaya tak ya shigo, nan take ka ji ɗakin kallo ya sake, mai dariya ya gintse, mai tauna gyaɗa ya dakata. Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinmu ya san irin wannan lokaci, ko da bai taɓa zama ya tambayi kansa dalili ba.

Sai mu faro daga inda abin ya faro mana, wato gidajen silima na Kano. An buɗe Rex a 1937, daga baya aka sami su Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba, akasarinsu a hannun Kwarori, kuma su ne suka fara shigo da finafinan Indiya tun cikin shekarun 1950. Silimar wancan zamani ba ta da rufi, sai duhu ya yi ake farawa, kuma ba kowane uba ne zai ji ɗansa ya je ya ƙyale shi ba. To amma ga abin lura: ba ma jin Indiyanci. Babu fassara, wanda ma aka rubuta Turanci a ƙasa ba kowa ke iya bin sa ba. Da me muke gane labari? Da fuska, da kuma kiɗa. Kiɗan shi ne tafintanmu. Shi ke gaya mana wannan mugu ne tun bai buɗe baki ba, shi ke gaya mana yarinyar nan ta kamu, shi ke gaya mana uwa za ta mutu.

Ɗauki Sholay, wanda ya fito a 1975 amma aka yi ta maimaita shi har muka girma muka tarar. Fim ne na harbe-harbe da dawakai, ga Darmendra da muke kira Sarkin Ƙarfi, ga Amita, ga ɗan fashin nan Gabbar da ake tsorata yara da sunansa. Amma ka tambayi tsofaffin 'yan kallo abin da ya zauna masu a rai, da yawa za su kai ka wurin da babu bindiga ko ɗaya. Dare ya yi, Amita na zaune a ƙofar ɗaki yana busa hamonika, ɗan abin busan nan mai ramuka a jere da ake zarya da shi a leɓe. Can a barandar bene ga surukar mai gida cikin fararen kaya, domin a al'adarsu fari shi ne tufar wadda mijinta ya rasu, tana bin fitilu ɗaya bayan ɗaya tana rage su. Bai ce mata komai ba, ba ta ce masa komai ba. Busar nan ce ta faɗi duk abin da kunya da al'ada suka hana su faɗa, kuma Bahaushe, wanda ya san kunya ya san takaba, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Wanda ya tsara kiɗan fim ɗin R.D. Burman ne, wanda kuma ya yi busar a zahiri wani ne Bhanu Gupta, Amita riƙewa kawai ya yi. An ce sai da aka shafe kusan kwana 20 ana ɗaukar wannan wuri, saboda hasken da ake so na 'yan mintocin bayan faɗuwar rana ne kawai.

Haka Hero na 1983. Jackie Shroff ya fito a ɗan daba, ya sace 'yar babban ɗan sanda, ba abin da zai sa ka so shi. Da ya ɗauki sarewa ya busa sai lissafi ya canza, yarinyar ta sauko, mu ma 'yan kallo muka sauko, muka ce ai mai irin wannan busa ba zai rasa sauran imani ba. Mai sarewar na gaskiya shi ne Hariprasad Chaurasia, ɗaya daga cikin manyan mabusan ƙasar Indiya. A finafinan kaboyi ma an yi irin wannan. Akwai na 1968 wanda Charles Bronson ya fito ba shi da ko suna sai na hamonikar da yake busawa, busa mai kama da kukan mai ciwo, sai a ƙarshe aka nuna cewa tun yana yaro aka cusa masa ita a baki a ranar da aka rataye wansa. Ennio Morricone na Italiya ne ya tsara wannan.

Wanda ya fi ba mu mamaki, mu da muka yi Islamiyya, shi ne Ar-Risala na Mustafa Akkad, 1976, wanda ya ba da tarihin farkon Musulunci. Malamai sun yi saɓani a kan fim ɗin, ba kuma nan ne wurin yanke hukunci ba. Amma dai mai fim ɗin ya kiyaye iyaka, bai nuna Manzon Allah (SAW) ba, bai sa a ji murya a ce tasa ce ba. To yaya mai kallo zai gane cewa labari ya iso inda yake? Sai aka yi amfani da wani sauti mai sanyi na ogan, wato babban fiyanon nan mai jan numfashi, da ya shigo sai ka ga sahabbai sun natsu sun fuskanci wuri ɗaya. Bafaranshe ne, Maurice Jarre, ya tsara kiɗan.

Me ya sa wannan dabara ta kama mu haka? A ganinmu saboda mun taso da ita ne tun kafin silima ta zo, sunanta take. A ƙasar Hausa kowane abin kiɗa da mai shi, da kuma saƙonsa. Kana cikin ɗaki ka ji kakaki, ba sai ka leƙo ba, ka san sarki ya fito, domin ba a busa shi don wani attajiri komai dukiyarsa. Tambari na sarauta ne. Kalangu na mahauta ne tun asali, da ka ji shi da safe a bakin kasuwa ka san an yi yanka. Dundufa ta maƙera ce, gangar noma ta manoma ce a wurin gayya, garaya ta mafarauta ce da 'yan bori, shantu na 'yan mata ne a ɗakin amarya, bandiri na 'yan Ƙadiriyya ne, sarewa kuwa da ta tashi zuciya sai ta tafi daji wurin makiyayi da shanunsa. Bayan wannan kowane sananne yana da takensa, ɗan gajeren kiɗa wanda da an buga shi ɗan dambe zai zabura ya yi kirari, ko da bai ga makaɗin ba. Abin da Burman ya yi wa Amita, da abin da Morricone ya yi wa Bronson, take ne suka yi masu, ba wani abu ba. Shi ya sa ma musaya ba ta yi wuya ba: Abdu Yaron Goge ya ɗauko muryoyin waƙoƙin Indiya ya zuba su a goge, mu kuma a makarantun Islamiyya an sha ɗora mana waƙoƙin bege da na tarbiyya a kan irin waɗannan muryoyi, muna rerawa ba mu san tushensu ba sai da muka girma.

Manyan mawaƙanmu ma kowa da abin kiɗan da ya zama sunansa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso, Jankiɗi taushi, Shata kalangu, Haruna Uji gurmi, Garba Supa da Hassan Wayam kukuma, Barmani Coge ƙwarya. Ɗan Maraya Jos kuwa, Allah ya jiƙansa, da kuntigi ya zaga duniya, ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ja masa tsarkiya ɗaya. Tsarkiya ɗaya fa! Da ita yake sa ka dariya a kan ɗan adashe ko karen mota, da ita kuma yake sa ka yi tagumi.

Da aka fara wasannin kwaikwayo na talabijin a Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, zamanin su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu, da kayan gida aka riƙa yin aiki. A Kano akwai 'yan Koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu, masu sarewa da duman girke da lalajo, kuma kiɗansu ya shiga wasannin talabijin da finafinan bidiyo na farko-farko. Fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko da aka sayar a kaset shi ne Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, 1990, sai Gimbiya Fatima ya biyo baya. A lokacin idan ana son nuna ƙauye ko kaɗaici sai a saki sarewa, idan fada ce a saki algaita, kowa kuma ya gane.

Daidai wannan lokaci ne mu kuma tarihinmu na zaman Abuja ya kankama. Tun 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala ta kafa dokar sabon babban birni, amma sai 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tare. Kafin nan da bayan nan muka yi ta kwararowa, 'yan tireda da masu shayi da mahauta da 'yan canji da direbobi da masu gadi, muka zauna a Nyanya da Karu da Gwagwa da Karmo da Mabushi da Kubwa da Dei-Dei, da yawanmu a ɗakunan bacha, iyali kuwa suna can gida. Garin sabo ne, tituna masu faɗi, da dare ya yi shiru kamar maƙabarta. Ba kalangun mahauta da safe, ba tashe da azumi irin na gida, ba makaɗin da zai bi layi ya kira sunan ubanka. Abin da ya cike mana wannan giɓi kaset ne. Daga Bata da kasuwar Ƙofar Wambai ake ɗauro su, su biyo hanyar Kaduna su sauka Zuba, kafin sati ya zagayo sun shiga shagunan haya da gidajen kallo. Mutum ya wuni a kasuwar Wuse yana ciniki da Turancin buroka, da dare ya zauna a benci, sarewa ta tashi a cikin akwati, sai ka ga ƙato ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ba labarin fim ɗin ne ya taɓa shi ba, gonar ubansa ce ta faɗo masa.

To sai ga fiyano. A 1994 aka yi fim ɗin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, inda Nasir Gwale ya yi kiɗa da ɗan ƙaramin fiyano na lantarki. A 1996 kamfanin Iyan-Tama na Hamisu Lamiɗo ya sayo Yamaha ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti, matasa irin su Ali Baba Yakasai suka taso a wannan hanya. Sai 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito. Wanda yake Abuja a lokacin ya san yadda kiɗan Sangaya ya cika gareji da shagunan aski da gidajen biki. Abin da ya ɗauki hankalin mutane kuwa har da sautin sarewa da na ganga da kacau-kacau da ke cikinsa, alhali duk daga cikin akwati ɗaya suka fito, yatsun mutum ɗaya ne. A cikin watan Yuni na wannan shekara ta 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu. Ba wanda ya shirya haɗuwar abubuwan nan biyu, amma dai a shekara ɗaya suka faɗo.

Mu 'yan kasuwa ba za mu ga laifin wanda ya bi sauƙi ba, domin lissafin a fili yake. In ka ɗauko makaɗa shida sai ka ba su mota, ka ciyar da su, ka nemo na'urar da za ta ɗauki kowa daidai, wani ya yi kuskure a sake daga farko, sannan ga sallama. Mai fiyano kuwa shi kaɗai ne a ɗaki, ya danna nan sarewa, ya danna can ganga, kafin la'asar an gama. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Kiɗa a wurinmu gado ne, kuma an haɗa shi da roƙo, ɗan malam ko ɗan attajiri ba zai rataya kalangu ba ko da yana so. Fiyano ba shi da wannan tabo, na'ura ce kamar keken ɗinki, don haka yaran da suka yi boko da Islamiyya suka shige shi ba tare da an kira su maroƙa ba. Wannan ƙofa ce da ta buɗe wa dubban matasa abinci, ba za a raina ta ba.

Kada kuma a ce mu muka fara sa na'ura ta kwaikwayi kayan gargajiya. Fim ɗin Nagin na 1954, mai busar macizan nan da kowa ya sani, ba da goran masu wasa da maciji aka yi busar ba. Kalyanji ne ya fitar da ita daga wata ƙaramar na'ura mai madannai da ake kira Clavioline, har daga baya su masu macizan na gaskiya suka koma suna kwaikwayon fim. (Maciji ma dai ba busar yake ji ba, motsin goran yake bi, gardawanmu sun san haka.) Ashe ba na'urar ce matsala ba. Bambancin shi ne su can ba su sallami su Chaurasia ba, an ci gaba da kiran mai sarewa in wurin sarewa ya zo.

Mu a nan ne muka yi asara, kuma asarar iri biyu ce. Ta farko, akwai abin da fiyano ba zai iya ba. Kalangu magana yake yi: makaɗi ya matse tsarkiyoyin a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, daidai yadda harshen Hausa yake hawa da sauka, shi ya sa ake jin suna da kirari a cikinsa. Gangar cikin akwati murya ɗaya gare ta, ba ta kiran kowa. Mai algaita yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, busar ba ta yankewa, tana da wani kaifi da ke ratsa taron dawaki. Sarewar kara kuwa har da hucin numfashin mai busa ake ji, kuma wannan hucin shi ne rabin daɗinta. Asara ta biyu ta fi ta farko: an daina yin shiru. Tunda kiɗa ya zama ba ya cin kuɗi, sai aka riƙa shimfiɗa shi tun daga farkon fim har ƙarshe, ana gaisuwa kiɗa, ana cin tuwo kiɗa, ana kuka kiɗa, duk muryoyi goma a lokaci guda. Hamonikar Sholay ta yi tasiri ne don dare ya yi tsit kafin ta shigo. Inda babu shiru, ko kakakin Sarkin Kano aka busa ba wanda zai ɗago kai.

Zamani ya ci gaba da juyawa. Kaset ya ba faifan CD wuri, rusau na wajen 2005 da 2006 ya watsa jama'ar Karmo da Idu, wasu suka koma Mararraba da Masaka, wasu Suleja da Madalla, gidajen kallon da muka sani suka bi bacocin. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, aka shiga zamanin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya su Labarina da Izzar So, yau kowa da silimarsa a tafin hannu. Aikin sauti ya gyaru ƙwarai, gaskiya ce wannan, kuma mawaƙa irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun dawo da ɗanɗanon kiɗan fada cikin waƙoƙinsu, Nasiru ɗan Garba Supa ya riƙe kukumar gidansu. Amma a cikin fim kansa, da wuya ka ga an ba abin kiɗa ɗaya fili ya yi magana shi kaɗai.

Abin ya fi shafarmu mu mazauna nan fiye da na gida. Yaron da ke Katsina ko Zariya ko Haɗeja, ko fim bai koya masa ba, hawan salla zai koya masa, bikin mahauta zai koya masa. Namu da aka haifa a Kubwa ko Lugbe fa? Makarantarsa da Turanci, wasansa da buroka, Hausarsa ta cikin gida ce da ta fim. Ku gwada ku ce wa ɗan shekara goma sha biyar "algaita" ku ji. Da yawansu za su ce ai kamfanin nan ne na Kano mai fassara finafinan Indiya zuwa Hausa. Sun kuwa yi gaskiya, akwai shi, sai dai ba su san sunan aro ne daga wani abin busa ba. Abin dariya abin tausayi, fassarar ma ta ɗauke wa kiɗa aikin tafinta da yake yi mana a da, yanzu Amita da Hausa yake magana.

Ga shi kuwa ba mu yi nisa da tushe ba kamar yadda muke zato. Sunan Abuja kansa na masarautar Hausa ne. Sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya taso daga Zariya su suka gangaro kudu, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, kuma da gwamnati ta karɓi sunan don sabon birni sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har yau sarautar Sarkin Zazzau ake kira a can, da fadarta da makaɗanta da mabusanta. Daga Zuba tafiyar 'yan mintoci ce a mota, ka wuce Madalla, ga Dutsen Zuma a gefenka. Wanda ya kai yaransa ranar hawan salla, ya sa su tsaya kusa da ƙofar fada tun kafin sarki ya fito, lokacin da taro ke ta hayaniya, masu alewa na ciniki, dogarai na korar mutane baya. Su dai su kasa kunne, su kuma dubi fuskokin jama'a a daidai lokacin da kakaki zai yi kukan farko.